Malam Abdulfatah Maƙodi, Mai Injin Gyaran Dutsen Niƙa

Ranar Lahadi, 18 ga watan Mayu, 2025, ina fitowa daga sujadar safe a coci wayata ta yi ƙara. 'Yarka Mufida ce. Ta ce, "Baba Markus, Baba ya cika." Ta ce bayan ka dawo daga sallar asuba ka zauna a kan tabarma, ka ce ƙirjinka ya yi maka nauyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. An jira ɗanka Mujahid ya ƙetaro daga Maraɗi, aka yi maka sutura bayan azahar. Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Malam Abdulfatah, ni ba marubuci ba ne, tsohon malamin gona ne da ya yi ritaya. Amma na san abin da na gani da idona, kuma na ga ya wajaba in ba da shaida a kanka tun ina da sauran numfashi.

A shekarar 1996 aka turo ni aiki Jibiya daga Zonkwa. Matata Maryamu ta taho da dutsen niƙan mahaifiyarta, don ita har gobe ba ta yarda garin inji ya kai na dutse daɗi a kunu ba. Dutsen ya yi sulɓi, ƙwayar gero sai ta riƙa zamewa a kai. Maƙwabta suka ce mu kai wa Maƙodi, yana bayan kasuwar hatsi, gefen hanyar Maraɗi. A nan na fara ganinka, zaune a ƙarƙashin rumfar kwano, kana sassarar fuskar wani dutse da guduma mai tsini don ya yi kaushi ya kama hatsi. Idonka na hagu a rufe yake. Daga baya ka ba ni labari cewa sana'ar gidanku ce tun a ƙauyenku Mazanya, kuma kana ɗan shekara ashirin ɓarɓashin dutse ya faɗa maka a ido, idon bai sake gani ba. Ka ce mahaifinka ma da lalatattun yatsu ya koma ga Allah.

Wannan ne ya sa ka shiga ƙera inji. Kusan shekara goma ka yi kana haɗawa kana warwarewa. Ka samo feda da sarƙar keke, ka samo wani ƙarfe mai nauyi kamar faifai daga mushen babbar mota a bakin iyaka, ka kai wa maƙera sifirin mota suka fiƙe maka shi suka ba shi ruwa har ya iya cin dutse. Mutum zai zauna yana taka feda, faifan yana juyawa, yana ɗaga guduma yana sakinta, sara bayan sara, duk da ƙarfi ɗaya. Tsakanin fuskar mai takawa da dutsen ka kafa gilashin mota. Aikin da kake yini biyu a kai da hannu, injin yakan gama shi kafin azahar. Idan aka sauya masa baki kuma, yana huda ramuka a jere a jikin falalen dutse, a kafa ƙarafa a buga, dutsen ya tsage daidai inda ake so.

Yanzu zan faɗi laifina, domin ba zan yabe ka in ɓoye shi ba. A 2011 aka shirya bikin nuna amfanin gona da kayan aikin hannu, ni ne shugaban masu tantance abin da za a nuna. Ka ɗoro injinka a amalanke, ka sa farar rigarka ta Juma'a. Na dube shi a gaban mutane na ce zamanin dutse ya wuce, kowace unguwa da injin niƙanta, muna neman abin da zai kai mu gaba ne. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Malamin gona, tahi gida ka tambayi Maryamu." Ka juya amalankenka. Da na koma gida na ba ta labari ina dariya, ita ba ta yi dariya ba. Ta ce na wulaƙanta mutumin da ya fi ni sanin cikin gidan talaka. Shekaru suka shuɗe muna gaisawa sama-sama. Duk da haka ko sau ɗaya ba ka mayar da dutsenta ba a gyara ba.

Sai ga shekarar 2023. Mutanen ƙauyuka da dama sun gudo cikin gari saboda 'yan bindiga. Man fetur ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba, aka kuma rufe iyaka, kasuwa ta mutu. Injinan niƙa da yawa suka daina aiki, waɗanda ke yi kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin wanda ya gudo da rigar jikinsa. Mu 'yan cocinmu da maƙwabtanmu Musulmi muka haɗa buhunan gero da dawa, muka kai wa iyalai kusan arba'in da ke zaune a wani kangon gini a bayan gari. Muka dawo muna jin mun yi abin kirki.

Bayan mako guda na koma. Na tarar ana dafa dawa tsabarta, yara na ta gudawa, tsofaffi marasa haƙori na kallon kwano. Turmi biyu ne a wurin, da dutse ɗaya wanda ya yi santsi kamar tangaran. Wata mata mai suna Bilki, daga wajen ƙauyen Kusa, wadda aka kashe mijinta a gona, ta tare ni. Ta ce, "Baba, kun kawo hatsi, Allah shi saka. Amma da mi za mu niƙa?"

Daga nan rumfarka na nufa. Na yi maka bayani ina kallon ƙasa. Ka saurare ni har na gama, ka goge hannunka da tsumma, ka ce, "Duwatsu nawa?" Na ce ban sani ba. Ka ce, "Gida biyu dutse guda. Nemo amalanke biyu."

A nan muka sake saɓawa. Akwai wani dutse kusa da gari, na ce mu fasa shi, tun da hanyar Mazanya, inda kuka saba faso dutse, ba lafiya. Ka ƙi. Ka ce wancan dutsen mai laushi ne, yana zubar da tsakuwa cikin gari, yaron da ya ci tuwonsa shekara guda haƙoransa sun tafi. Na ce rai ya fi haƙori. Ka ce, "Gaskiya ne. Shi ya sa za mu hita da hantsi mu dawo kahin la'asar, kuma wanda bai so kar ya zo." Na san da ni kake. Na zo.

Sau biyar muka je falalen da kakanninka suke fasawa. Ina ganinka kana bin dutsen kana ƙwanƙwasawa da guduma, kunnenka a kusa, kana cewa nan yana da rami a ciki, nan ne mai kyau. Kana da shekara sittin da bakwai a lokacin, amma kai ke fara hawa feda. A zuwa na uku muka ji harbi daga nesa, ta yamma. Masu amalanke suka firgita. Ga duwatsu huɗu an tsaga, ba a ɗora ba. Na zaci taurin kanka zai sa ka ce sai an ɗora. Sai ka ce, "Ku kwance shanu mu tahi. Dutse ba ya gudu." Muka bar komai, har injin, muka rufe shi da ƙaya. Bayan kwana biyu muka koma muka tarar da shi yadda muka bar shi.

Cikin mako uku ka gama duwatsu goma sha tara, kowane da ɗansa na niƙa. Na ashirin ya tsage wajen gyara.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ka yi bayan haka. Ka ce dutse yakan koma sulɓi bayan 'yan watanni, kai kuma ba kullum za ka iya zuwa ba. Ka kafa injin a tsakar kangon, ka kira Bilki da wasu mata biyu ka koya musu. Wasu dattawa suka ce ba a taɓa jin mace ta ƙodi dutse ba. Ka ce musu, "Su ke niƙa. Wa ya hi su sanin dutsen da ya yi daidai?" Ranar da Bilki ta gama gyara dutsenta na farko, ta zuba gero ta durƙusa, gari ya fara zubowa fari tas a kan faifai. Wata tsohuwa ta ɗebi kaɗan ta murza a yatsa, ta sa a baki, ta fashe da kuka. Ranar aka yi kunu a tukunya uku.

A hanyarmu ta dawowa na tsayar da kai na ce ka yafe mini maganar da na yi a 2011. Ka ce ka daɗe da yafewa, amma ba ka manta ba, domin ita ce ta sa ka sake ƙera gudumar har sau biyu don ka nuna mini. Muka yi dariya a tsakiyar hanya kamar yara. Tun daga ranar ba a yi mako ba mu sha shayi tare ba.

Da aka buɗe iyaka, wani mai walda ya zo daga Maraɗi yana leƙen injin a ɓoye. Ka kira shi, ka ba shi igiyar awo, ka nuna masa inda ka yi kuskure a farko don kada ya maimaita. Na ji an ce yanzu akwai irinsa biyu a can.

Ba zan ce ba ka da aibu ba. Kana da saurin fushi idan aka taɓa maka kayan aiki, kuma tun bara Mufida ke roƙonka ka je asibiti a duba ƙirjin nan kana cewa gobe. Wannan ya yi mini ciwo, kuma da kana ji da na faɗa maka a fuska. Amma ban taɓa ganin ka miƙa wa mutum aikin da kai kanka ba ka gamsu da shi ba, ban kuma taɓa jin ka tambayi mai dutse addininsa ko garinsu ba.

Bayan addu'ar uku, Bilki ta zo gaisuwa. Ta tambayi uwargidanka, Malama Rabi'a, ko a rufe injin, wanda yanzu take takawa a rumfarka, har a yi arba'in. Malama Rabi'a ta ce, "Duwatsu nawa ke jira?" Bilki ta ce sha ɗaya. Malama Rabi'a ta ce, "To je ki taka. Da yana nan da ya yi miki faɗan kwana ukun nan ma." Da yamma na bi ta bayan kasuwar hatsi, na ji guduma tana sauka, na tsaya na daɗe ina saurare.

Ina miƙa ta'aziyyata, ni da Maryamu da 'ya'yanmu, ga Malama Rabi'a, da Mujahid, da Mufida, da jikoki, da dangi na Mazanya da na ƙetare, da maƙeran Jibiya, da matan da ka koya wa sana'a. Allah ya ba ku haƙurin jure wannan rashi, ya rufa muku asiri, ya haɗa kanku.

Kai kuma, Malam Abdulfatah, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya sa aljanna ce makomarka. Duk cikin da ya ƙoshi ta dalilinka, Allah ya sa ya zama shaida a gare ka ranar da za a tsaya. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Ka huta lafiya, abokina. Amin.

Markus Bulus, Jibiya