Gwadabe da Muryar Tanko Mai Kukuma

Tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a mayar da shi Suleja, duk wanda garmahonsa ya ƙi juyawa wajen Gwadabe yake kai shi. Rumfarsa tana bakin hanyar Kwamba. Da gyaran keke ya fara, ya koma agogo, daga baya ya zauna a kan garmaho da sayar da faifai. Kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, shi ya sa kullum kansa a karkace idan ana kiɗa.

Da daminar 1977 Dauda ya zo masa, bai daɗe da gama jami'a a Zariya ba. Mahaifinsa, Tanko mai kukuma, ya rasu a hatsarin mota kusa da Gauraka, kuma tun daga ranar Dauda ko ƙarar birki ya ji sai gabansa ya faɗi. Waƙa ɗaya tak aka taɓa ɗaukar wa Tanko, tsohon faifan kuwa ya tsage. Da Dauda ya ji wani kamfani ya sake buga tsofaffin waƙoƙi, har Kaduna ya je ya sayo wa mahaifiyarsa Daso sabon faifan. An share ƙarar “shuu” ɗin nan ta tsohon faifai tsaf, amma muryar ta fito siririya, tana gaggawa kamar ta yaro. Daso ta saurara kaɗan, ta ce wannan ba mijinta ba ne, ta tashi ta shiga ɗaki. Abin da ya fi tsorata Dauda shi ne, shi kansa ya fara mance yadda muryar take.

Gwadabe ya ɗora faifan, ya karkata kai. Ya ce masu bugawa sun kwafe shi da sauri fiye da yadda aka ɗauka. Rage gudun ba wuya, sai dai shi bai san inda zai tsaya ba, don a kasuwa kawai ya san Tanko, cikin hayaniya. Ya ce a kawo Daso.

Da ƙyar ta yarda ta zo. Gwadabe ya shimfiɗa mata tabarma, ya ɗauko ƙaramin garmahonsa mai batir, wanda yake bayarwa haya a gidajen suna. Ya buɗe cikinsa, ya riƙa goge ƙarfen da ke juya faifan da samfefa, takardar nan mai kaushi, don gudun ya ragu. Ya goge kaɗan, ya kunna, ya dubi Daso. Ta girgiza kai, ya kashe ya ƙara. Dauda yana tsugune yana murza yatsunsa. Muryar tana ta sauka, tana kauri, kukumar tana samun numfashi.

Can sai Daso ta ɗaga hannu.

“Tsaya nan, Malam Gwadabe. Ga shi nan.”

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Dauda ya ji 'yar dishewar da mahaifinsa yake yi a ƙarshen baiti, ya zauna daɓas a ƙasa.

Da waƙar ta ƙare, Gwadabe ya rufe garmahon ya tura gaban Daso. Dauda ya fara cewa ai ba za a yi haka ba.

Gwadabe ya ce, “Ɗauki mana, ɗana. Yanzu duk faifan da aka ɗora masa sai ya yi jan ƙafa. Na Tanko kaɗai zai iya.”

Daso ta yi ta sa masa albarka. Ba ta bari Dauda ya ɗauka ba, ita ta aza shi a ka har gida.