Garwashi a Tsingaro

Jiya jikata ta ƙyasta alimeti, wato ashana, warinsa ya doke ni, sai ga ni a gidanmu na Madarunfa ina 'yar shekara tara. Ku yaran yanzu ba ku san ɗiban wuta ba. A zamaninmu in murhu ya mutu, tsingaro ake ba ki, ki shiga maƙwabta ki ɗebo garwashi. Ba a hanawa. Ko matar da kuka yi zage-zage jiya, yau za ta tona miki murhu.

Maƙwabtanmu anna ne masu addinin gargajiya, mu musulmi, katangar kara ɗaya ce tsakaninmu. Wata bazara maigidansu ya sa wa sassabensa wuta, iska ta juya, ta cinye rumbunmu guda da gero a ciki. Babana kuwa akwai zuciya! Ya ce daga ranar ba mai ba su wuta a gidansa. Da la'asar ya ciro itace mai ci daga murhun inna ya nufi rumbunsu. Inna ta ɗora hannu a ka, ni kuwa tsoro ya kama ni ƙwarai.

A bakin zaure ƙanensa ya tare shi. Baba ƙarami muke ce masa, tsohon sojan Faransa ne, bai daɗe da dawowa daga yaƙin Turawa ba, kuma ko da wasa ba ya labarin yaƙi. Ranar ya yi.

“Yaya, tsaya ka ji. An kai mu gadin babban birnin waɗanda aka ci da yaƙi. An ƙone shi ƙurmus, ka wuni kana tafiya toka ce. Muna jin ɗumi sai ga wata tsohuwa da gwangwani, wai mu san mata wuta. Garin da wuta ta cinye, babu ta dafa abinci. Na zuba mata, wallahi na kasa kallon idonta.”

Baba ƙarami ya miƙa hannu. Babana ya daɗe tsaye har itacen ya soma ci masa yatsa, sannan ya ba shi.

Kwana uku maƙwabta ba su leƙo ba, don kunya. Ran na huɗu hadarin farko ya kashe musu murhu. Na ga 'yarsu a ƙofa da tsingaro, ta kasa shigowa. Babana na zaune yana gyaran hauya, bai ɗaga kai ba ya ce da ni:

“Ke, tona mata. Ki zaɓo manya.”

Da kaka suka kawo mana dammunan gero a kan jaki, ba wanda ya roƙe su.

Yau kowa da alimetinsa a aljihu, alhamdu lillahi, an huta. Amma shekarata biyu muna gaba da maƙwabciyata, kuma har yau ba abin da ya kai ɗayanmu ƙofar 'yar'uwarta.