Haƙora Huɗu na Mai Begila

Shekararsa hamsin da huɗu, kuma shi ne babban mai busa begila a ƙungiyar makaɗan faretin 'yan kwana-kwana. Shekara ashirin da tara ke nan yana ɗora bakin ƙarfen nan a leɓɓansa, haƙora huɗu na gaba suna tokare da shi ta ciki. Su ne jarinsa, shi ya sa ko ƙashi ba ya gwaguya da su.

Wannan tattalin ne ya cuce shi. Shekara uku da suka wuce ya ga jini a buroshi. Sai ya ce goga ce ke fama masa dasashi, ya koma wanke na gefe kawai, na gaban kuwa ya kurkure da ruwa. Jinin ya ragu, ya ɗauka ya yi dabara.

Matarsa ta sha yi masa magana.

"Malam, bakin nan fa ya canza. Gara ka ji daga gare ni."

"Warin ƙarfe ne," in ji shi.

Ana saura mako uku faretin yaye sababbin ma'aikata, suna gwaji a ɗakin ajiye kayan kiɗa, ya ja sautin sama, sai sautin ya tsage. Ya ji haƙori ɗaya ya motsa. Da ya sauke begilar, bakinta ja wur.

Mai babbar ganga, abokinsa tun suna kurata, ya leƙo.

"Tsoho, busa aka ce ka yi, ba yanka ba."

Ba wanda ya yi dariya. Shugaban ƙungiya ya ce in ba zai iya ba ya faɗa tun da wuri, mataimakinsa na nan.

Washegari ya je asibitin haƙori. Likitar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba, ta riƙa zura siririn ƙarfe tsakanin haƙori da dasashi tana kiran lambobin zurfin ramin. A gefe uku, uku. A gaba ta ce bakwai.

"Baba, yaushe rabon nan da buroshi?"

Ya faɗa mata. Ta ajiye ƙarfen.

"Jinin nan dauɗa ce ta kawo shi. Inda yake fita, nan ne ya fi son wanki. Yanzu ta daskare a ƙarƙashi, ta ci ƙashin da ke riƙe da haƙoran, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa."

"To, 'yata, zan busa ko ba zan busa ba?"

"Zan kankare. Kai kuma buroshi mai laushi, safe da kafin barci, har bakin dasashi, ko da jini. Zaren sakace kullum. A duba maka sukari. Begila kuwa, mako shida ba ka ba ita."

"Fareti saura uku."

"In ka busa a fareti, ina jin ranar za ka kawo mini haƙorin a aljihu."

Kwana biyu yana juya maganar, abinci ma sai an matsa masa. A na uku ya sami shugaba ya ce a ba mataimakin wurinsa. Ranar fareti a bayan igiya ya tsaya, cikin 'yan kallo.

Makon farko na wankin, jini kamar an yi kaciya, matarsa na tsaye a ƙofar banɗaki tana cewa bai kai minti biyu ba. A mako na uku jinin ya ɗauke. Sukari kuma lafiya lau.

Talatar da ta wuce likitar ta sake awo. Haƙora uku sun kama. Na huɗun yana nan yana rawa, ta ɗaure shi da maƙwabtansa da siririyar waya ta ciki. Ta yarda ya busa ƙananan sautuka, na sama kuwa ta ce kada ya sa rai.

Mataimakin ya riƙe gaba. Jiya da safe mai begila ya shiga ɗakin gwaji, ya wuce kujerarsa ta da, ya zauna a layi na biyu, ya nemi a miƙo masa takardar ƙananan sautuka.