Alluran da na sha a kan laifin tafki

Shekarun baya, lokacin ina kai gyaɗa da wake ƙetaren iyaka, maiɗakina ta kama ciwon mara. Ga ƙaiƙayi, ga jini yana ɗiga ba lokacin al'ada ba. Ta ɓoye har ta gaji, sannan na kai ta likitar ƙauyenmu, wato ɗan asibitinmu, can gefen Waca.

Gwaji ɗaya gare su a wurin, na zazzaɓin sauro. Aka huda mata yatsa, babu komai. Majo, shugaban ma'aikatan wurin, ya saurare ta, sannan ya juyo kaina.

"Malam, mece ce sana'arka?"

"Fatauci."

"Kana kwana a can?"

"Wani lokaci."

Ya gyaɗa kai kamar ya gama bincike. "Ciwon sanyi ne. Ku biyu za a yi wa allura."

Ni da na bar lakwal, makarantar boko, tun ban iya haɗa harafi da kyau ba, da me zan yi musu? Na sassauta wando aka tsira mini. Lafiyata ƙalau na shiga, na fito ina ɗingishi.

Ciwo bai tafi ba. Muka koma, aka sake. Majo ya ce, "In ba ka daina abin da kake yi ba, ba za ta warke ba." Ƙofa a buɗe take, mata cike da benci. Kafin la'asar gari ya ji.

Ita ba ta taɓa tuhumata da baki ba. Sai dai ta raba shimfiɗa, ta ware ƙwaryar shanta. Daga baya surukina ya aiko ƙanensa. Ya ce, "Yaya ya ce yarinya ta je Magariya wurin yayarta ta huta." Na san irin wannan hutun, takardar saki ce ke biyo bayansa. Na rantse. Ya ce, "Rantsuwarka daban, maganar likita daban."

A Magariya yayarta ta kai ta babbar likita. Mai duba ta ya yi mata tambayar da ba a taɓa yi mata ba: ina take wanki? Ta ce tafki, tun tana yarinya. Ya karɓi fitsarinta da rana tsaka, aka sa a madubin da ke nuna ƙananan abubuwa, sai ga ƙwan tsutsa. Tsargiya ce. Tsargiyar da muka yi fitsarin jininta muna yara, manya suna cewa alamar balaga ce. Babu wanda ya taɓa gaya mana tana kama mata ta nan. Ƙwayoyi aka ba ta, ta haɗiye a gabansu.

Da ta dawo na je gaida surukina. Na zauna ina jiran kalma ɗaya. Ya ce, "To, Allah Ya kyauta. Yaya kasuwar wake?"

Ban riƙe majo a zuciya ba. Abin da ke hannunsa da shi ya yi aiki, da ya rasa madubi sai ya duba fuskata. Amma labarin farko shi ya zauna a gari. Har yau in na hau motar kasuwa zan ƙetara, ba a rasa mai cewa, "A gaida mutanen can," ana dariya.

Muna tare da ita, yaranmu sun girma. Ran da famfo ya lalace, tafkin nan take kai wanki, ita da matan da suka zauna a benci ranar. Ban taɓa jin wanda ya yi gulmar tafkin ba.