Tsinken Awon Ƙafa

Shekarun baya, aikin maigidana ya ɗauke mu daga Dutsin-Ma zuwa Fatakwal. Ban yi kukan barin gida ba, kukan rabuwa da 'yar yayana na yi. A hannuna aka yaye ta. Daga ƙauyen Barkiya aka kawo mini ita tana tsala ihu, na yi ta goyo har ta daina neman uwarta. Da tafiyar ta zo, dole na mayar da ita gidan ubanta tana 'yar shekara uku.

Tsorona ɗaya ne: kada yarinyar nan ta manta da ni. Waya ba ta cika shiga ƙauyen ba, in ma ta shiga aka kara mata a kunne, numfashinta kawai nake ji. Sai na ɗaukar wa kaina alkawari, takalminta na kowace ƙaramar Sallah daga wurina zai fito. Da azumi ya kama, uwarta za ta auna tafin ƙafarta da tsinken tsintsiya, ta karya daidai tsawon, ta soke shi cikin ƙullin kuka da daddawa, a ba masu kawo shanu kudu. Ni kuwa, da duk bokona, haka zan shiga kasuwa ina zura tsinke cikin takalma masu shago suna dariya. Ban taɓa yar da ko ɗaya ba, a wani gwangwani nake tara su.

A shekara ta huɗu saƙo ya iso ina tsakiyar aikin buɗa-baki, na jefa tsinken cikin 'yan uwansa. Ranar kasuwa na zari ɗaya cikin gaggawa. Na sayi wani jan takalmi mai maɗauri, na aika ina ta yaba kaina. Da na tambayi yayana, sai ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai, Allah shi saka da alheri."

Sai da shekara ta zagayo na samu zuwa gida, ana gab da azumi. Daga Kurfi na hau mashin, zuciyata kamar ta riga ni isa. Ina yin sallama yarinyar ta dube ni, ta ruga bayan rumbu.

"Ke, taho ga gwaggonki!" in ji uwarta.

Ko motsi ba ta yi ba. Na yi dariyar yaƙe. Abin da nake gudu ya faru.

Can da la'asar ta zo wucewa da tulu, na hango tabo a bayan dugaduganta duka biyu. Na tambayi uwarta me ya same ta. Sai ta ce, "Jan takalmin nan ne. Ya matse ta, amma da shi ta tafi Idi ta dawo, a ƙasa. Jini har ya jiƙa safa. Mun yi mun yi ta cire, ta ƙiya. Ta ce kada wanda ya faɗa maki, wai in kin ji bai yi ba, ba ki ƙara aikowa."

Nan take na gane. Tsinken shekarar da ta gabata na ɗauka. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a tabarma, ban damu da wa ke kallona ba.

Ban ji zuwanta ba, sai dai na ga ƙafafu a gabana. Ta miƙo mini tsinke tana kallon ƙasa.

"Gwaggo, ga na bana. Ni na auna da kaina." Ta ɗago ta dube ni. "Na ƙara kaɗan."

Shekara biyar ina fargabar ta manta da ni, ban taɓa kawo wa raina cewa ita ma can tana fargabar in manta da ita ba. Fuskata ce kawai ta ɓace mata. Tun daga ranar na daina auna ƙaunar yaro da yawan surutunsa.

Yanzu ta girma, tana karatu a Dutsin-Ma, takalmina ma take zura wa ƙafarta ba tambaya. Tabon yana nan, ya ɗan dushe. Gwangwanin ma yana cikin akwatina. Duk tsinkayen sukan rikice mini, ban da na ƙarshen nan, wanda ya fi ƙafarta tsawo.