Ladan Ba Ya Sa Takalmi

Duk Zongo an san Sirajuddeen mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ke kan hanyar Jonquet. Shekara ashirin yana harka da wuta, kuma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Yana da na'urar awo, amma tana can cikin akwati ta yi tsatsa. Shi gwajinsa ɗaya ne: in ya gama aiki ya taɓa ƙarfen da bayan yatsa, ya ce, "Kuran ya san ni," wato wutar lantarki. Yo ina wuta za ta ja mutumin da ke tsaye kan katako, da silifas na roba a ƙafa?

Da na'urar lasifikar masallacin unguwa ta ƙone, shi ya ce a bar masa, fisabilillahi. Wajen sake naɗa taransifoma, takardar da ke raba wayar babbar wuta da ta ƙarama ta yage. Ya ce takarda me za ta tsinana, ya naɗe haka nan. Koriyar wayar nan mai kai wuta ƙasa kuwa ya datse ta, tunda soket ɗin masallaci rami biyu ne. Ya taɓa, shiru. Ko kusa bai tuna cewa ba a shiga masallaci da takalmi ba.

Ladanin masallacin kuwa kawunsa ne, Malam Idrissou, wanda ya rene shi tun yana maraya. Ranar da aka mayar da na'urar an sha ruwan sama, siminti duk danshi. La'asar ta yi, tsoho ya taso daga alwala, hannu a jiƙe, ya kama makirfo. Wayyo! Ihun da ya yi, lasifika ta kai shi kowane gida kafin wani ya fizge waya.

Allah ya yi da sauran kwana, tafin hannu kawai ya ƙone. Babu wanda ya ɗora wa Sirajuddeen laifi, shi kuwa a ransa gara a ce zaginsa aka yi. Kunya ta hana shi sahun gaba.

Ya warware aikin, ya sa sabuwar takarda ninki uku, ya binne sandar ƙarfe a ƙasa ya ɗaura mata koriyar waya, ya auna. Sannan ya tuɓe takalmi, ya jiƙa hannu, ya riƙe makirfon.

"Kawu, taɓa ka ji."

"Na yarda, ɗana. Allah ya yi maka albarka," in ji tsoho, hannuwansa a baya.

Har yau daga nesa da makirfo tsohon yake tsayawa ya kira salla, muryar ta fito can ƙasa-ƙasa. Sau biyar a rana Sirajuddeen yake jin ta, ya sunkuyar da kai.