Rumbun da Aka Hana Mata Leƙawa

Wata ranar Talata ce da hantsi, an gama yankan dawa, saura kaka shida Turawa su shigo ƙasar Katsina. Ina da kamar shekara bakwai, ina gindin turmi ina carafke, Inna tana surfe, maza duk suna gona wajen ɗaurin dammuna, sai ihu ya taso daga wajen Gozaki: mahara! Mu Maguzawa ne a unguwar da ba ganuwa, kuma a gidanmu mace ba ta leƙa rumbun mai gida ko yunwa za ta kashe ta, wai idonta yana korar albarka. Inna ta yar da taɓarya, ta ɗauke ni cak, ta taka turmi, ta ɗaga jinkar rumbun Baba ta jefa ni ciki. "Ko kin ji muryata, kada ki amsa." Ta rufe.

Na kuwa ji muryarta, tana ta nisa har ta ɓace, ban amsa ba. Ƙaiƙayi yana cin jikina, zufa tana shiga idona, ko tafin hannuna ba na gani. Amma a cikin duhun nan na san ba ni kaɗai ba ce, kamar yadda mutum kan san akwai wani a ɗaki ko bai yi tari ba. Ban san sunansa ba. Na dai jingina da shi.

Da la'asar Baba ya ɗaga jinka ya gan ni. Mari ya fara ba ni, wallahi mari! Ya sa aka kamo jan zakara aka yanka, aka yayyafa jinin a jikin rumbu don a wanke ƙazantata. Na ce, "Baba, Inna fa?" Ya ce, "Wanda ya tafi ya tafi." Ga sawun dawakai ɗanye a ƙofar gida, ba wanda ya bi. An zubar da jini saboda dawa, ba a zubar da ko zufa saboda matar da ta nome ta ba. Daga ranar ni ce surfe, ni ce rafi, ni ce korar tsuntsaye, tsofaffi suna ce mini, "Haƙuri maganin zaman duniya." Su riƙe maganinsu.

Sai da na yi furfura na zauna a ajin manya na majami'a ina haɗa baƙi da yatsa, a nan na ji labarin Yesu, cewa shi ma an rufe shi a duhu an danne da dutse. Ban yi mamaki ba, tsohon sani ne, da shi na jingina a cikin rumbu. Fastonmu yana cewa in yafe wa Baba. Ina kan hanya, ban iso ba, kuma Ubangiji bai tashi ya bar ni don haka ba.

Yanzu motocin auduga ne ke bin hanyar da aka bi da Inna, suna nufar Funtuwa. Ina da rumbuna na kaina, jikokina mata suna ɓuya a ciki suna dariya, dawa kuma ba ta taɓa raguwa don sun kalle ta ba. Da ma Inna ta gani. Ita ta rufe ni, Yesu ya zauna da ni.